Takardar da Ban Karanta wa Haruna Ba

Shekaranjiya ina zaune a shagon nan naku, na ga wata baiwar Allah ta kawo koke a kan iyakar gona. Ɗayanku ya kara mata waya a baki ta faɗi abin da ke tafe da ita, waya ta juya shi Turanci, inji ya fito da takarda, aka kama yatsanta aka dangwala. Ko ruwan shayi bai isa ya tafasa ba an gama. Na ce, "Kai, ba za ka karanta mata ba?" Ya ce, "Baba, ai maganarta ce." Kuka yi ta dariya, wai tsoho ya zo da tsohon yayi. To ku matso da bencin nan ku ajiye wayoyin, tunda an ɗauke wuta ba wani aikin da kuke yi.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina rubuta wa mutane takarda a gindin darbejiya, kusa da ƙofar kotu a nan Daura. Kayan aikina ba su da yawa: tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da nake tokarewa da dutse, bencin masu jira, baƙar tafireta, takardar kabon da nake mora har sai ta koɗe, ɗan gwangwanin tawadar dangwale, sai ƙamus na Turanci wanda bangonsa ya rabu da shi tun ban yi aure ba. Takardar rantsuwa, koke zuwa ga 'yan sanda, neman aiki, canjin suna, duk ta hannuna suke bi. A tafireta ba a gogewa. In ka yi kuskure a layin ƙarshe, sai ka zare takardun duka uku ka faro daga sama, mai aiki yana kallonka yana tsaki. Shi ya sa muke tunani kafin yatsa ya sauka.

A hannun Akawu Mamman na koyi aikin, wani tsohon akawun En'e mai ƙarancin magana. Na je masa da takardar shaidar kwalejin horon malamai, ina ji da Turanci kamar a gidanmu aka ƙirƙire shi. Ko duba takardar bai yi ba. Ranar farko wani mutumin Mai'adua ya zo ya ce an ɗauke masa jaki. Kafin ya rufe baki har na sa takarda a tafireta, Akawu ya dafe ta da tafin hannunsa. Ya dubi mutumin ya ce, "Wa ya ɗauka?"

"Surukina."

"Da saninka?"

"A'a, amma ya aiko daga baya."

"Ya saba ɗauka?"

"Duk ranar kasuwa."

"To me kake so a yi maka?"

"Ya maido min da abina, yau kwana tara ke nan."

Da mutumin ya tafi, Akawu ya buɗe ƙamus a kan kalmar take, ya ce in karanta. Na ce ai wannan tun aji uku na firamare na san ta, ɗauka ce. Ya ce in dai karanta. Wallahi shafi guda da rabi na ci ban fita daga cikinta ba. Da ita ake shan magani, da ita ake hawa mota, da ita ake yin rantsuwa a kotu, da ita ake cin gari da yaƙi. Sannan ya nuna min danginta a ƙasa. Ya ce, "Mutum in ransa ya ɓaci, 'ya ɗauke min' kawai zai ce maka. Aikinka ne ka gano wace irin ɗauka. Wanda ya ɗauka zai maido, borrow. Wanda aka aiko ya karɓa, collect. Hukuma in ta ƙwace, seize. Wanda ya fizge ya ruga, snatch. Ita take uwarsu ce, ba ta zargin kowa, cewa kawai take abu ya bar wurinsa." Sai ya ɗora farcensa a kan ta ƙarshe, steal, wato sata. Ya ce wannan ba a ciro ta sai mai ƙara ya faɗe ta da bakinsa, kuma ya san abin da ke biye da ita.

Dokokinsa biyu ne. Ta farko, ka zaɓi kalma mafi sauƙi da za ta iya ɗaukar gaskiyar maganar. Ta biyu, kada yatsa ya taɓa tawada sai ka karanta wa mutum takardarsa da Hausa, layi bayan layi. A ƙasan kowace takardar wanda bai iya karatu ba akwai layin da ke cewa an karanta masa da harshensa kuma ya fahimta, marubuci ya sa hannu. Akawu yakan ce wannan layin rantsuwar marubuci ce, ba ta mai ƙara ba. Shekara huɗu na yi a gefensa ban taɓa ganin ya tsallake karatun nan ba, ko da hadari ya taso.

Amma masu kawo aiki ba haka suke so ba. Mutum zai zauna yana huci ya ce, "Malam, a sa masa Turanci mai zafi." Mu ma kuma mun san takarda mai sanyi barci take yi a cikin durowar ofis. Da ciwon ido ya zaunar da Akawu a gida, teburin ya zama nawa, sai na yi suna a kan cewa takardata ba ta barci. Har daga Zango da Sandamu ake zuwa nemana, kuma kan ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba. A lokacin, iyakar abin da takarda mai zafi ke jawowa shi ne a kira mutum, a daka masa tsawa, ya kwana ɗaya a bayan kanta, dattawa su zo a sasanta. Kowa ya san haka ake yi. Sai aka ƙaddamar da shari'a a jiha. Da ni aka je taro, da ni aka yi kabbara, da zuciya ɗaya kuma. Dokar sata ta canja, amma hannuna a kan tafireta bai canja ba.

Wata ranar kasuwa cikin bazara, benci ya cika har wasu na tsaye, wani manomin rani daga wani ƙauye ta wajen Zango ya zauna gabana. Sunansa Haruna. Ya ce ƙaninsa Ilu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauke masa injin ban-ruwa. Na yi masa tambayoyin Akawu kuwa, ban tsallake ba. Ya ce Ilu ya saba ɗauka ya ba albasarsa ruwa ya maido. Amma sun yi cacar baki a kan fetur, shi Haruna ya ce kada ya ƙara taɓawa, ya kulle injin a ɗakin zaure. Ilu ya san inda ake ajiye makulli, ya buɗe ya ɗauka. Yau kwana huɗu ba inji ba Ilu, tattasan Haruna yana bushewa.

Na ce, "To me kake so a yi maka?"

Ya ce, "A tsorata min shi kawai, Malam. Yaron nan ya raina ni. Ya ga ɗan sanda a ƙofar gida, ya shiga hankalinsa."

Na san in na rubuta cewa yaya da ƙani ne, kuma aro ne da aka saba, za a ce masa ya koma gida a sasanta. Don haka na bar maganar 'yan'uwantaka a waje, na rubuta wani mutum mai suna Ilu. Na bar maganar sabo a waje. Na rubuta ɗaki a kulle yake, wannan gaskiya ne. Da na zo kan ɗaukar, sai na buga kalmar nan ta ƙarshe da Akawu ya ɗora wa farce. Ana cikin haka aka kira azahar, Haruna na sauri kada motar ƙauyensu ta tashi. Na ɗaga takardar kamar zan karanta, ya ce, "Haba Malam, ba sai ka karanta ba, ai na yarda da kai." Daɗi ma na ji. Ya dangwala, ni kuma na sa hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa an karanta masa.

Abin da mu duka biyu ba mu sani ba, injin ya buga a hannun Ilu. Tsoron yayansa ya hana shi komawa gida, ya kai wa wani makaniki bai iya ba, aka ce masa akwai gwani a Kongolam, can bakin iyakar Nijar. Ya ɗaure injin a bayan babur ya kama hanya. A kan hanyar nan 'yan sanda suka tare shi, da inji a lulluɓe cikin buhu, ya doshi bakin iyaka. Aka tambaye shi ko shi ya ɗauka daga ɗakin da ke kulle, ya ce shi ne. Ko mai shi ya sani, ya ce bai sani ba. Ba a kwana biyu ba aka kawo shi kotun shari'a da tuhumar sata, aka tura shi gidan yari jiran shari'a.

Daga teburina ana jin abin da ake faɗa a kotu, don tagogin a buɗe suke saboda zafi. Ran zaman farko na ji an kira sunan Ilu, na ji an fassara takardata, kalma bayan kalma, da Hausa. Wannan ne karo na farko da Haruna ya ji abin da ya dangwala wa hannu. Ya miƙe ya ce shi ya yafe, ya janye. Aka gaya masa sata in ta zo gaban alƙali ta wuce yafiyar mai kaya. Ya ce shi ai bai ce sata ba. Mai gabatar da ƙara ya ɗaga takardar ya ce, "Wannan yatsanka ne ko ba naka ba? Ga shi an rubuta an karanta maka ka fahimta. To ko dai ya sata, ko kai ka yi wa hukuma ƙarya." Haruna mutumin ƙauye ne, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Sai ya ce shi dai abin da ke takarda. Aka ɗage zama zuwa mako biyu.

Ku ba ku ga lokacin ba, shi ya sa kuke kallona haka. A 'yan watannin nan rediyo ta kawo labarin an yanke hannu a wata jiha, kuma garin nan kowa jira yake ya ga wa za a fara da shi. A gindin darbejiyar, a kan bencina, mutane ke zama suna lissafa sharuɗɗa. Wannan ya ce kayan sun kai ƙima. Wancan ya ce ɗaki a kulle yake, ga shi kuma ya amsa da bakinsa. Wani ya ce 'yan'uwantaka ba ta hana haddi, in ba uba ne ya ɗauki na ɗansa ba. Ina jin su ina bugun takardar wani, yatsuna suna sauka a kan haruffan da ban nufa ba. Rannan sau uku ina zare takarda ina farowa.

Tsoro biyu ne suka haɗu a kaina, kuma zan gaya muku gaskiya, na kaina ya fi ƙarfi. In na yi shiru, hannun Ilu na dama zai iya tafiya. In na yi magana, na shaida da bakina cewa na sa hannu a kan ƙarya a takardar hukuma, wannan kuwa ɗauri ne ko bulala a bainar jama'a, ga iyali, ga sunan da na yi shekaru ina ginawa. Sai na riƙa lallashin kaina cewa alƙalin mutum ne mai bincike, zai gano da kansa. Zama na biyu ya zo, aka kawo makanikin farko ya ce lallai an kawo masa inji, amma shi bai san ko na sata ne ba. Aka fito da Ilu za a mai da shi mota, ya wuce ta gaban teburina. Ya rame, ya rungume hannunsa na dama a ƙirji da na hagu. Bai san ni ba, har sannu ya yi min. Na amsa, na ci gaba da aiki.

Washegari wata tsohuwa ta zo ta zauna a ƙarshen benci, ta jira har kowa ya watse. Sannan ta matso ta ce ita ce ta haifi Haruna da Ilu. Ta ce, "Ɗana, an ce kai ka rubuta. Kana da irinta a wurinka?" Na ce akwai ta kabon. Ta ce, "Karanta min."

Na ce, "Inna, ai an karanta a kotu."

"Ban ji ba, kunnena ya yi nauyi. Karanta min kai."

Na ciro ta daga akwati na fara. Da na zo wurin, na yi ƙasa da murya na ce ya ɗauka. Ta ce, "In haka aka rubuta, me ya sa suke riƙe da shi?" Dole na koma na faɗi abin da ke wurin. Ta murza bakin mayafinta. Ta ce, "Haruna yana da zuciya, ya sha zagin ƙaninsa a gabana. Amma bai taɓa kiransa ɓarawo ba. Ban san inda wannan ta fito ba." Ba ta zarge ni ba, ba ta ma san akwai abin zargi ba. Ta yi min godiya, ta sa min albarka, ta tafi neman mota.

Da la'asar na tafi gidan Akawu Mamman. Na same shi a zaure, idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na kwashe labari na gaya masa, ina ta kewaye-kewaye, ina cewa mutumin ne ya matsa a sa zafi, ga layi, ga kiran salla. Ya bari na gama, ya ce, "Ka karanta masa?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ka zo nema wurina, Lawal? Hanyar kotu ce ba ka sani ba?" Sai ya ci gaba da jan carbinsa.

Ran zama na uku ban buɗe tafireta ba. Kotu ta cika har tagogi, don an ce ranar za a yanke hukunci. Na ba magatakarda sunana na ce ina da magana. Da aka kira ni, na fito na tsaya a gaban kotu. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau, ya san ni sarai, kullum ta gabana yake wucewa.

Ya ce, "Malam Lawal, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, Allah ya gafarta Malam."

"Ka karanta masa?"

"Ban karanta ba."

Kotu ta ɗauki guna-guni, aka tsawatar. Ya ce, "Kalmar sata, daga bakin wa ta fito?"

Na ce, "Daga wurina. Shi cewa ya yi ƙaninsa ya ɗauka, kuma ya saba ɗauka ya maido. Ni na cire ƙanin, na cire sabon, na sa sata don takardar ta yi nauyi."

"Ka san hukuncin sata a yau?"

"Na sani."

"Tun yaushe ka san yaron nan yana tsare a kan maganarka?"

Wannan tambayar ta fi duk sauran zafi. Na ce tun zaman farko. Ya ajiye alƙalaminsa ya daɗe yana kallona, har na gwammace a ce bulalar aka fara. Sannan ya juya ga Haruna ya sake tambayarsa daga farko, a hankali, ya ce kada ya ji tsoro ba abin da za a yi masa. Haruna ya fashe da kuka ya faɗi komai, har inda ake ajiye makulli, wanda ya ce duk gidan an sani. Alƙali ya ce wanda ya saba ɗauka da izini, ya san makulli, aka kuma kama shi a hanyar gyara, akwai shubuha a lamarinsa, haddi kuwa ba ya tsayawa a kan shubuha. Ya sallami Ilu, ya ce maganar gyaran inji a ƙarasa ta a gida.

Ni kuwa bai ɗaure ni ba, ban kuma san dalili ba har yau. Ya ce in kwashe teburina daga ƙofar kotu, kada a sake karɓar takarda mai sa hannuna sai bayan shekara. Wannan shekarar ita ce mafi muni a sana'ata. Na koma bugun tambayoyin jarrabawa a makarantun firamare, in an samu. Mutanen da ke layi a bencina suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. Na dawo daga baya, amma sunan bai dawo ba, kuma ban neme shi ba.

Ranar dai, da aka tashi daga kotu, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran su fito. Haruna ya wuce bai dube ni ba. Tsohuwar tana riƙe da gefen rigar Ilu. Kwana talatin da wani abu ya yi a tsare, albasarsa ta ƙone a lambu, kuma kowace safiya in an buɗe ƙofa yana zaton ranar ce. Na tare shi na ce, "Ilu, don Allah ka yafe min." Na miƙa masa hannu.

Ya dubi hannuna, ya dube ni. Sai ya zura hannunsa na dama cikin aljihun riga, ya dafe aljihun da na hagu. Ya ce, "Na yafe, Malam. Amma ka yi haƙuri, ba zan iya miƙa shi ba tukuna."

Suka tafi tasha, ni kuma na je neman mai kura da zai kwashe min tebur.